Sudoku mai tsauri: idan an cije, dole sai da canki-canka?

Sadiq_Gwale
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu buga sudoku a zauren nan. Matakin sauƙi da na tsakiya ba sa ba ni wahala, amma da na hau matakin ƙarshe a manhajar waya, sai in cika wajen rabin gidajen, daga nan komai ya tsaya cak. Duk gidan da ya rage lamba biyu ko uku za su iya zama a cikinsa. Abin da nake yi shi ne in zaɓi gida mai lamba biyu, in saka ɗaya in bi ta, in ta kai ni ga karo in dawo in saka ɗayar. Ana gamawa, amma raina ba ya kwanciya, don ban san dalilin da ya sa amsar ta zama haka ba. Wani abokina ya ce masu tsaurin gaske dama sai da canki-canka. Haka ne? In ba haka ba ne, me ake dubawa idan an cije?

Malam_Lissafi
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Abokinka bai yi daidai ba, aƙalla a kan irin waɗanda ake sakawa a jaridu da manhajoji. Sudoku ingantacce amsa ɗaya tak gare shi, kuma kusan kullum akwai dalilin da zai kai ka gare ta.

Mu fara daidaita yadda za mu riƙa nuna gida. K na nufin layin kwance, T layin tsaye. K2T8 shi ne gidan da layin kwance na 2 ya haɗu da na tsaye na 8. Lambobin da har yanzu za su iya zama a gida kuma mu kira su 'yan takara.

A matakin sauƙi tambayarka ita ce "wace lamba ce za ta shiga nan?" A mai tsauri tambayar ta juya: "wace 'yar takara ce ba za ta iya zama nan ba?" Aikin ya koma na sokewa. Sai ka soke biyar ko shida ba ka rubuta lamba ko ɗaya ba, sannan wani gida ya buɗe da kansa. Kafin mu yi nisa, kana rubuta duk 'yan takara a kowane gida?

Sadiq_Gwale
A'a Malam, a inda na ga lamba biyu ne kawai nake rubutawa.

Ummu_Khalil
To nan matsalar take. Rubuta lamba idan gida biyu kawai ya rage mata a akwati (ƙaramin murabba'in nan mai gida tara) hanya ce mai kyau, ita ce ake jinginawa ga Thomas Snyder, Ba'amurken da ya ci gasar duniya sau uku. Amma ta gudu ce, ta farkon wasa. Idan ta ƙare maka, cika sauran 'yan takarar gaba ɗaya, in ba haka ba manyan dabarun ba za ka ma gan su ba.

Kuma kafin ka tafi neman manya, ka tabbatar ka share ƙanana. Gida biyu a layi ɗaya masu 3 da 8 kawai, sun riƙe 3 da 8 ke nan, a soke su daga sauran layin. Ko lamba biyu da ba su da wurin zama a akwati sai gida biyu, ko da gidajen cike suke da wasu 'yan takara, a kori sauran. Wannan na biyun shi ya fi ɓuya. Sau da yawa mutum yana can yana farautar babbar dabara irin sarƙa, alhali irin waɗannan tagwayen ne a ɓoye a gabansa.

DanZazzau
Ƙari a kan maganar Ummu Khalil: idan duk wuraren da 6 za ta iya zama a cikin akwati suna kan layi ɗaya, to 6 ɗin layin nan tana cikin akwatin, a soke ta daga ragowar layin. Haka ma a juye.

Malam_Lissafi
Madalla. In an gama waɗannan, sai dabarar X. Ɗauki lamba ɗaya, ka manta da saura. A ce 7. A layin kwance na 2, gida biyu ne kawai 7 za ta iya zama: K2T3 da K2T8. A layin kwance na 6 ma biyu ne: K6T3 da K6T8. Kusurwa huɗu ke nan. In 7 ta sama ta zauna K2T3, ta ƙasa dole K6T8. In ta sama ta zauna K2T8, ta ƙasa dole K6T3. Ba mu san wanne ne ba, kuma ba ma buƙatar sani. Ta ko'ina aka bi, layin tsaye na 3 da na 8 sun samu 7 ɗinsu daga waɗannan kusurwoyi. Saboda haka duk wata 7 da ke layukan tsayen nan biyu, a wajen kusurwoyin, a soke ta.

Ka lura da abin da ya faru, Malam Sadiq: ba mu zaɓi komai ba. Mun duba abin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai ne.

Yar_Sakkwato
Malam, in layi ukku ne fa? Na taɓa ganin ana zancen kifi ban gane ba.

Malam_Lissafi
Abu ɗaya ne aka faɗaɗa, 'yar uwa. Layukan kwance uku, a cikinsu lambar ba ta da wuri sai a layukan tsaye uku iri ɗaya. Ba lallai ne kowane layi ya cika gida ukun ba, biyu ma sun isa, muddin ba wanda ya fita daga ukun nan. Sai a soke lambar daga ragowar layukan tsayen. Akwai mai layi huɗu, ba a cika samunsa ba. Mai layi biyar kuwa kada ki ɓata lokaci a kansa, domin duk inda yake, akwai ƙaraminsa ta ɗaya fuskar da zai yi sokewa iri ɗaya.

Injiniya_Bello
Ni fa ban ga laifin abin da Sadiq yake yi ba. Kwamfuta haka take yi: ta saka lamba, ta bi, in ta yi karo ta koma baya, kuma cikin ƙiftawar ido take gama mafi tsaurin sudoku. Nuna cewa abu ba zai yiwu ba ta hanyar ɗaukarsa gaskiya har ya kai ga karo hujja ce karɓaɓɓiya a lissafi, Malam ya fi ni sani. Ko a gasa, inda agogo ke gudu, akwai gwanayen da ke gwada lamba idan sun cije. Me ya sa za mu mayar da shi abin kunya?

Baba_Fansho
Injiniya, ba wanda ya ce abin kunya ne. Amma yaron nan ya faɗa da bakinsa, ransa ba ya kwanciya. Ni a takarda nake yi da fensir bayan sallar la'asar, ba agogo, ba wanda nake tsere da shi. In na gwada lamba ta fito daidai, me na ƙaru da shi? Gobe in na haɗu da irinsa, ina nan inda nake. Amma ran da na fara gane dabarar X da idona, tun daga ranar nake ganinta. Kwamfuta ba ta jin daɗin komai, ni kuwa don jin daɗin nake yi.

Hauwa_Jos
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni dabarar da ta buɗe mini ido ita ce ta XY, kuma na fi samun ta a kan dabarar X. Gida uku ake nema, kowanne mai 'yan takara biyu. Misali K5T5 yana da 1 da 2, shi ne na tsakiya. K5T1 yana da 1 da 3, suna layin kwance ɗaya da na tsakiyar. K2T5 yana da 2 da 3, suna layin tsaye ɗaya. In na tsakiya 1 ne, K5T1 ya zama 3. In 2 ne, K2T5 ya zama 3. Ke nan ɗaya daga cikin na gefen nan biyu dole 3 ne. To K2T1 yana kallon su duka biyun (gida yana kallon wani ne in suna layi ɗaya ko akwati ɗaya), ɗaya ta tsaye ɗaya ta kwance, don haka 3 ba za ta zauna a cikinsa ba.

Yadda nake nema: in zagaye duk gidaje masu 'yan takara biyu, sannan in tsaya a kan ɗaya in duba waɗanda yake kallo.

Sadiq_Gwale
Anti Hauwa na gode. Dole ne na gefen biyu su kalli juna?

Hauwa_Jos
A'a. Na tsakiya ne dole ya kalli kowannensu. Gidan da za ka soke wa kuma dole ya kalli na gefe duka biyun, ba ɗaya ba.

Nasiru_Maradi
Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Wasan ga duk sadda na gan shi sai in tuna hatimin malamanmu, gidaje-gidaje da lambobi ciki. Ba daga nan aka samo shi ba?

Malam_Lissafi
Sun yi kama a ido, Malam Nasiru, amma ƙa'idarsu daban. A irin wancan murabba'in, jimillar kowane layi ce take zama ɗaya, ta kwance, ta tsaye, har ta kusurwa zuwa kusurwa. Kuma muna da babban malami a fannin: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake gina su a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sudoku kuwa ba tarawa a cikinsa sam. Za ka iya cire lambobin ka saka haruffa tara, wasan bai canza ba. Danginsa na kusa shi ne murabba'in Latin da Leonhard Euler ya yi nazari a ƙarni na 18, inda kowace alama ke fitowa sau ɗaya a kowane layi.

DanZazzau
Kuma ba Japanawa suka ƙirƙira shi ba, duk da sunan nasu ne. A mujallar Dell ta Amurka ya fara fitowa a 1979, ana danganta shi ga Howard Garns, mai zanen gine-gine. Kamfanin Nikoli ya kai shi Japan a 1984. Wayne Gould, ɗan ƙasar Niyu Zilan da ya yi alƙalanci a Hon Kon, shi ya rubuta manhajar da ke ƙera su, ya shawo kan jaridar The Times ta Landan ta fara bugawa a ƙarshen 2004. Daga nan ya bazu duniya.

Ummu_Khalil
Gasar duniya ta farko a garin Lucca na Italiya aka yi ta a 2006, kuma mace ce ta ci, Jana Tylová daga ƙasar Cek. Amma mu koma kan tambayar Sadiq kada ta ɓace.

Akwai wata gajeriyar hanya da nake so. Gida huɗu a kusurwoyi: K1T1, K1T4, K2T1 duk suna da 3 da 8 kawai, na huɗun K2T4 yana da 3, 8 da 5. In K2T4 ya zama 3 ko 8, za a iya musanya lambobin kusurwoyin huɗu ba abin da ya lalace, wato amsa biyu ke nan. Tunda amsa ɗaya ce, K2T4 dole 5 ne.

Garba_Kumasi
Hajiya, a ƙara sharaɗi ɗaya don kada wani ya faɗa rami. Gidajen huɗu dole su kasance cikin akwati biyu kacal, kamar a misalinki. In suka bazu a akwati huɗu, musanyar za ta taɓa abin da ke cikin kowane akwati, to ba amsa biyu ba ce, dabarar ba ta aiki. Kuma kada a samu lambar da aka bayar tun farko a cikinsu.

Ni kaina ba na amfani da ita. Dogaro take yi da cewa wanda ya ƙera wasan ya yi aikinsa daidai. Na taɓa sayen wani ƙaramin littafin sudoku a tasha, cikinsa akwai masu amsa fiye da ɗaya. A irin wannan dabarar sai ta kai ka ta baro.

Ummu_Khalil
Sharaɗin akwati biyu gaskiya ne, na gode. Amma batun kada a yi amfani da ita ban yarda ba. Amsa ɗaya tana cikin ƙa'idar wasan, kamar yadda rashin maimaita lamba yake ciki. In littafi ya karya ƙa'ida, laifin littafin ne.

Garba_Kumasi
Ni a ganina amsa ɗayar abu ne da ya kamata in tabbatar da kaina a ƙarshe, ba in ɗauke shi tun farko ba. Kowa da yadda ya fi masa daɗi.

Yar_Sakkwato
Wai shin wanda aka ba lambobi kaɗan shi ya fi wuya ko? Ni da na ga fili da yawa sai gabana ya faɗi.

Malam_Lissafi
Ba lallai ba ne. Mafi ƙarancin lambobin da za a bayar a samu amsa ɗaya 17 ne. Gary McGuire na wata jami'a a Dablin da abokan aikinsa suka tabbatar a 2012, bayan dogon binciken kwamfuta, cewa babu mai 16. Amma da yawa daga masu 17 ɗin da ƙananan dabaru ake gama su. Shi kuwa wanda Arto Inkala, masanin lissafi ɗan Finlan, ya fitar a 2012, jaridu suka yi ta kiransa mafi tsauri a duniya, lamba 21 aka bayar a cikinsa. Inda aka ajiye lambobin ne ke kawo tsauri, ba yawansu ba.

Injiniya_Bello
Yauwa Malam, ka kawo ni inda nake so. Wannan na Inkala, da dabarar X ko XY za a gama shi? Ba za a gama ba. Ke nan abokin Sadiq yana da gaskiya a wani wurin.

Malam_Lissafi
A irin wannan kam, sai an bi rassa masu zurfi waɗanda da wuya mutum ya riƙe su a ka, ban musa ba. Amma irinsu da gangan ake ƙera su don su gagari dabarun da aka sani. Tsakaninsu da abin da Sadiq yake bugawa akwai fili mai faɗi, kuma sarƙa ce ke cike shi.

Sarƙa da haɗi iri biyu ake ƙulla ta. Haɗi mai ƙarfi: in wannan ba gaskiya ba ne, wancan dole gaskiya ne, kamar sikeli, in hannu ɗaya ya sauka ɗayan ya hau. Ana samunsa a gida mai 'yan takara biyu, ko lambar da gida biyu kawai ya rage mata a layi ko akwati. Haɗi mai rauni: in wannan gaskiya ne, wancan ba gaskiya ba ne, amma za su iya zama ƙarya duka biyun. Sai a riƙa jera su bi da bi, a fara da mai ƙarfi a ƙare da mai ƙarfi.

Ga misali. K1T1 yana da 2 da 5. K1T7 yana da 5 da 9. K6T7 yana da 9 da 4. K6T3 yana da 4 da 2. In K1T1 ba 2 ba ne, 5 ne. To K1T7 ya zama 9, K6T7 ya zama 4, K6T3 ya zama 2. Ke nan ko dai K1T1 ne 2, ko K6T3 ne 2, ɗaya dai ba makawa. Duk gidan da ke kallon su biyun, a soke masa 2: K1T3 da K6T1.

Hauwa_Jos
Malam, ba su biyu ne kawai ba. K2T3 da K3T3 suna akwati ɗaya da K1T1, kuma suna layin tsaye ɗaya da K6T3. K4T1 da K5T1 ma suna layin tsaye ɗaya da K1T1, akwati ɗaya da K6T3. Gida shida ke nan.

Malam_Lissafi
Haka ne Hauwa, shida ne. Allah ya ƙara basira.

Injiniya_Bello
Amma ku duba da kyau. "In K1T1 ba 2 ba ne, 5 ne, to wancan ya zama 9..." Wannan ba shi ne abin da Sadiq yake yi ba? Ya ɗauka, ya bi. Suna kawai aka canza masa.

Baba_Fansho
Da bambanci, ɗana. Sadiq yana rubuta lamba a gida yana fatan ta dace, in ta dace ya wuce bai san dalili ba. Malam bai rubuta komai ba, bai yi fatan komai ba. Abin da ya soke ya soku, ko K1T1 ya zama 2 ko ya zama 5. Kuma zai iya nuna wa wani, wanin ya bi gida huɗun nan da yatsa ya yarda.

Injiniya_Bello
Na yarda da wannan a gajeriyar sarƙa, Baba. Amma in ta kai gida goma sha biyu, ta yi reshe, ni ban ga inda aka ja iyaka tsakaninta da gwaji ba.

DanZazzau
Ga wata da za ta taimaki Sadiq kafin ya kai ga dogayen. Lamba 4 a layin tsaye na 1 gida biyu gare ta, K8T1 da K2T1. A layin tsaye na 5 ma biyu, K8T5 da K3T5. Ƙafafun suna layi ɗaya, kawunan sun saɓa, don haka ba dabarar X ba ce. Amma K8T1 da K8T5 ba za su zama 4 tare ba, ke nan ɗaya daga cikin kawunan dole 4 ne. A soke 4 daga K2T4, K2T6, K3T2 da K3T3. Duk inda ka ga dabarar X ta kusa cika ta karkace da gida ɗaya, tsaya ka duba wannan.

Sadiq_Gwale
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na cika 'yan takarar kamar yadda Ummu Khalil ta ce, na kuwa samu tagwaye a ɓoye a akwatin tsakiya, sannan na samu irin wadda DanZazzau ya kwatanta a kan lamba 9. Gida da yawa sun buɗe. Yanzu duk gidajen da suka rage 'yan takara bibbiyu gare su, sai guda ɗaya mai uku: 1, 6 da 7. Nan ma na sake tsayawa. In gwada ɗaya, ko akwai abin dubawa?

Ummu_Khalil
Kada ka gwada. Duba layin kwancen da gidan yake, ka ƙirga sau nawa 1, 6 da 7 suka fito a matsayin 'yan takara. Biyu daga ciki za su fito sau bibbiyu, ɗaya sau uku. In haka yake a layin tsayensa da akwatinsa ma, mai sau ukun ita ce amsar gidan, don in ka cire ta wasan ba zai zama mai amsa ɗaya ba.

Garba_Kumasi
Wannan ma a kan amsa ɗaya ta dogara, Hajiya. Sadiq, tunda gidajenka duk bibbiyu ne, fili ne na sarƙa irin ta Malam. Fara daga kowane gida ka bi, da wuya ka yi nisa ba ka samu abin sokewa ba.

Injiniya_Bello
Ko kuma ya saka ɗaya ya bi, a wannan matakin minti ɗaya ya ishe shi.

Yar_Sakkwato
Ni dai a turo hoton mu gani. Ina son in gwada neman sarƙar da kaina kafin wani ya faɗi amsa.

Malam_Lissafi
Turo shi da 'yan takarar a rubuce, Malam Sadiq. A bar wa 'Yar Sakkwato zuwa bayan isha'i, sannan mu kwatanta ta inda kowa ya bi.